Neman kalma: me za mu kira "prerequisite" da Hausa?

Assalamu alaikum, jama'a. Wata kalma ce ta tsaya mini a maƙogwaro tun shekaranjiya, na ce bari in kawo ta nan mu haɗu mu nema mata suna.

Ɗan yayata ya samu gurbi a tsangayar injiniya, har ya yi rijistar zangon farko. Sai ya ɗauki hoton takardar kwasa-kwasansa da wasu shafuka na littafin da ake raba wa sababbin ɗalibai, ya tura wa mahaifiyarsa. Ita kuma ta turo mini ta WhatsApp, ta biyo da saƙon murya: "Kai da ka yi irin karatun nan, duba mini ka faɗa mini abin da yaron nan zai yi." Yaya ta yi nisa a karatun islamiyya, atamfa da leshi take sayarwa, ba a cin ta a lissafi. Turanci ne kawai ba ta da shi.

Na fara jero mata lafiya lau. MTH 101 lissafi ne, aljabara da lissafin kusurwoyi. PHY 101 fiziks ne, ɓangaren motsi da ƙarfi, wato me ke sa abu ya motsa, me ke tsayar da shi. CHM 101 kimiyyar sinadarai. PHY 107 da CHM 107 aikin hannu ne a ɗakin gwaje-gwaje. GST 111 Turanci. GET 101 bayani ne kan matsayin injiniya a cikin al'umma. Sai muka zo shafin shekara ta biyu, inda aka ware gurbi a gefen kowane kwas aka rubuta prerequisite a samansa. A gaban lissafin injiniya an sa MTH 101 da MTH 102. Na ce mata, "Wato kwas ɗin da dole sai an yi shi." Ta ce, "To su sauran ba dole ba ne?" Na yi shiru, don gaskiyarta.

Ga waɗanda ba su bi ta jami'a ba: akwai kwas ɗin da ba za a bar ɗalibi ya yi rijistarsa ba sai ya ci wani da ya gabace shi. Wanda ya gabata ɗin, wanda sai an ci shi tukuna, shi ake kira prerequisite. Zama a aji bai isa ba, rubuta jarrabawa ma bai isa ba, sai an ci. In an faɗi, ƙofar na gaba a rufe take har sai an koma an gyara.

Bari in faɗi abin da ya sa na ɗauki maganar da zafi. Ni ma na faɗi lissafin zangon farko a shekarata ta farko. Na je gida na ce wa Baba ina da keri-oba guda ɗaya, wato kwas ɗin da na faɗi zan sake, ya ce ba komai, takarda ɗaya ce, ka sake. Ni ma haka na ɗauka. Ranar rijistar shekara ta biyu, malamin da ke duba takardunmu ya sa jan biro ya soke kwasa-kwasai biyu daga cikin waɗanda na cike, ya miƙo mini ba tare da ya ɗago kai ba. Kwas ɗin zangon farko a zangon farko kawai ake koyar da shi, don haka sai shekara ta zagayo. Waɗanda aka soke su ma suna riƙe da ƙofar wasu a shekara ta uku. Ga kuma iyaka ga nauyin da ake barin ɗalibi ya ɗauka a zango ɗaya, ba a tara su duka a biya lokaci guda. Karatun shekara 5 ya koma mini 6. Baba hatsi yake sayarwa, da shi yake biya mini. Ya tambaye ni, "Takarda ɗaya ka ce ka faɗi, ta yaya ta zama shekara?" Na yi ta kewaye-kewaye ban iya ba shi amsa a dunƙule ba. Har yau wannan tambayar ba ta bar ni ba. To ga ta nan, me za mu kira shi?

•••

Na gode, amsoshi sun fara shigowa. Mafi yawa sun ce "kwas na dole" ko "kwas na tilas". Wannan shi ne ramin da na faɗa a gaban Yaya. Kusan duk abin da ke takardar zangon farko dole ne, yaron ba shi da ta cewa a ciki. Turanci ma dole ne, ba zai karɓi digiri ba sai ya ci shi. Amma a littafin da aka turo mini, faɗuwa a Turanci ba ta hana shi rijistar komai a shekara mai zuwa, zai ɗauke shi ya ci gaba. Lissafi kuwa tare hanya yake yi. Dukansu dole ne, ɗaya ne mai kulle ƙofa. "Na dole" mu bar wa abin da suke kira core, ya zauna masa daram.

Mai cewa "share fage", kalmar ta riga ta samu aiki. Jarrabawar JAMB ake kira ta share fagen shiga jami'a, haka karatun da ake yi kafin a samu gurbi. In muka ƙara mata wani kaya, iyaye za su ɗauka yaron bai ma shiga jami'ar ba tukuna.

•••

Wani dattijo magini ya ce "harsashi", wasu suka ce "tubali". Baba, Allah ya ƙara girma, ta fuskar ma'ana babu wanda ya kai ka kusa. Bari ma in yi amfani da kayan aikinka in nuna wa jama'a dalilin da ya sa aka sa lissafi a gaba.

Ka jingina tsani a bango ka hau. Nauyinka ƙasa yake ja, amma tsanin a karkace yake, don haka samansa na tura bango, ƙafarsa na neman zamewa baya. In ka miƙar da shi ya kusa tsayuwa, neman zamewar kaɗan ne. In ka ja ƙafarsa nesa da bango, sai ka sa yaro ya taka maka. Kai ka san wannan da jikinka. Injiniya kuwa ana so ya faɗi adadin ƙarfin tun kafin a hau, a kan takarda, kuma ba zai iya ba sai da lissafin kusurwoyin nan na MTH 101. Haka yake a jinkar rufi, haka a wayar da ke riƙe da turken sadarwa, haka a gada.

MTH 102 na zango na biyu shi ne kalkulas, lissafin abin da ke canzawa. Buɗe famfon tankin ruwa: yana cike ruwan na fita da ƙarfi, yana raguwa ƙarfin na raguwa, saurin ba ɗaya ba ne daga farko zuwa ƙarshe. Tambayi yaushe tankin zai ƙare, lissafin firamare ba zai amsa ba. Wanda aljabararsa ke rawa ba zai tsaya a kalkulas ba, wanda ba shi da kalkulas kuma ya shiga darasin gudun ruwa ko na zafi ko na lantarki, kallo kawai zai yi. Ba mugunta ce ta sa aka jera su haka ba.

Inda harsashi ya gaza shi ne hukunci. Mai gaggawa na iya ɗora bulo a kan harsashin da bai bushe ba, babu mai riƙe masa hannu, sai bango ya tsage daga baya. Nan kuwa riƙe hannun ake yi tun a teburin rijista. Ina son kalmar da ke ɗauke da hanin a cikinta.

"Mabuɗi" da wani ya kawo ta fi kusa da hakan, kuma ta yi mini daɗi a baki. Tsorona shi ne mun saba jin ta da ma'anar farawa, abin da ake soma koyo da shi. Uwa za ta ji kamar gabatarwa ce, 'yar shimfiɗa mai sauƙi.

•••

Akwai wanda ya ce mu ari kalmar kawai, kamar yadda muka ari kwas da lakca da digiri da injiniya. Ba na gaba da aro. Shi kansa Turancin aro ya yi: aljabara daga al-jabr take, cikin sunan aikin da al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza a ƙarni na 9, kuma kalmar a Larabci har ɗorin karaya tana nufi. Kalkulas kuwa tsakuwa ce a Latin, irin wadda ake ƙirga da ita. Amma gwada faɗin "firirekwizit" sau uku. Ba ta zama a harshe. Keri-oba ta shiga Hausa don ɗalibai na faɗinta kullum, wannan kuwa ko su ba sa faɗa. Kuma in na gaya wa Yaya ita, sai na sake fassara mata, mun koma gidan jiya.

•••

Jama'a, ina jin an samu. Wata malama mai koyar da fiƙihu a islamiyyar matan aure ta rubuto kalma ɗaya: sharaɗi. Ta ƙara da cewa, "Alwala ba ta cikin salla, amma babu salla sai da ita."

Malama, Allah ya saka da alheri. Na karanta sau uku ina mamakin yadda ta wuce ni. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san bambancin farillan salla da sharuɗɗanta. Ruku'u da sujada a cikin salla suke. Tsarki a wajenta yake, yana gabatarta, in babu shi sallar ba ta inganta ko an yi ta. To MTH 101 ba ya cikin lissafin injiniya, kwas ne mai zaman kansa da jarrabawarsa da makinsa, ya gabace shi, kuma in babu shi rijistar ba ta inganta. Siffofin uku duk sun hau.

Na gwada ta a jimla, don kalma sai a cikin magana ake gane ta. "MTH 101 sharaɗin lissafin injiniya ne." "Wannan kwas ɗin sharuɗɗansa biyu." "An hana shi rijista, bai cika sharaɗi ba." "Wanne ne sharaɗin wanne?" Babu inda ta yi tuntuɓe. Tana da jam'i, tana karɓar ɗafi, kuma da an ce "sharaɗin" kunne na jiran a ce na me, wanda shi ne ainihin abin: babu kwas ɗin da yake prerequisite shi kaɗai, sai dai na wani.

An kawo suka biyu, kuma dukansu sun cancanci amsa. Na farko, wai kalmar ta addini ce, ga Hausawa da masu jin Hausa da ba Musulmi ba. Daga fiƙihu misalin ya zo, amma kalmar ta daɗe da fita kasuwa. Alƙali na ba da beli bisa sharaɗi, mai gida na gindaya wa ɗan haya sharuɗɗa, 'yan siyasa na sulhu da sharaɗi. Kowa ya san ta.

Na biyu, wai ta yi faɗi, tunda kiredit biyar na WAEC ko NECO ma sharaɗin shiga jami'a ne. Haka ne, kuma ni a wurina wannan ƙarfi ne, don ma'anar ɗaya ce: abin da sai da shi ake buɗe maka. In ana tsoron ruɗani, a ce "sharaɗin shiga" ga wancan, "kwas ɗin sharaɗi" ga wannan.

Wasu sun ji daɗin misalin har suka ce mu ƙarasa, core ya zama farilla, elective ya zama nafila. A nan ban bi ku ba. Nafila in ka bari babu laifi. Elective kuwa sai ka ɗauka, zaɓinka kawai shi ne wanne. Ya fi kama da kaffarar rantsuwa: ciyar da miskinai 10, ko tufatar da su, ko 'yanta bawa. An ba ka zaɓi, ba a ɗauke maka wajibcin ba. Yaron da aka ce wa nafila ne zai yi sakaci da shi ya zo ƙarshe makinsa bai cika ba. "Kwas na zaɓi" ya wadatar. Farilla da nafila mu bar su inda suke.

•••

Ɗan'uwa daga Maraɗi ya ce su a can prérequis suke gani a takardu, kuma "sharaɗi" ta yi musu daidai ba sai an taɓa ta ba. Wannan ya ƙara kwantar mini da hankali, don aron Turanci da a iyaka zai tsaya.

A Najeriya ma amfaninta ba na jami'a ɗaya ba ne. A Disambar 2022 hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fito da sabon tsarin manhaja mai suna CCMAS, inda ita ke tsara kashi 70 cikin 100, kowace jami'a ta cike 30. Shi ya sa ɗan Zariya da ɗan Maiduguri za su ga lambobin kwasa-kwasan shekarar farko sun yi kama. Wane kwas ne sharaɗin wane, da yadda ake tsananta shi, wannan kowa ya duba littafin tsangayarsa.

An tambayi corequisite, wato kwas biyu da ake so a ɗauka tare a zango ɗaya, kamar darasi da aikinsa na ɗakin gwaje-gwaje. Ni "abokin tafiya" nake gani, amma ban rufe ƙofa ba, mai wadda ta fi ya kawo.

•••

Da daddare na mayar wa Yaya saƙon murya. Na ce, "Yaya, duk abin da ke takardar nan na dole ne. Amma a cikinsu akwai waɗanda suke sharaɗi ne ga karatun baɗi, kamar alwala da salla. In ya faɗi ɗaya daga cikinsu, ba shi kaɗai ya faɗi ba." Ko minti biyu ba a yi ba ta amso: "Yanzu ka yi magana. To lissafin nan shi ne alwalarsa."

Da safe ta kira yaron ta ce ya ɗauki biro ya zagaye mata duk kwas ɗin da yake sharaɗi, ya turo hoton. Ya zagaye uku. Ta ce in duba ko ya tsallake wani, na duba na ga akwai na huɗu a shafi na gaba, na tura masa.