Kayan gida ko na waje mai araha? Kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa

Yaron Shago a Kwari:
Salamu alaikum jama'a. Tun da gwamnatin Tinubu ta fito da tsarin nan na Nigeria First a watan Mayun 2025, wai ma'aikatu su riƙa fifita kayan gida wajen sayayya, ko'ina ka juya sai ka ji a sayi na gida a sayi na gida, toh ni dai a Kantin Kwari nake wuni, abin da baki ke faɗa daban abin da hannu ke ɗauka daban. Kantar shagon maigidana daga sama har ƙasa atamfa ta Chana ce, shadda ta Chana, yadin maza ko Chana ko Indiya, sai ɗan Getzner na Ostiriya da muke ajiyewa masu hali. Ta gida in akwai to a can ƙasan kanta take ƙura na hawa. Don Allah wanda ya taɓa gwada dagewa a kan na gida ya ba mu labari, atamfa ce ko shinkafa ko takalmi ko me, ba wa'azi nake nema ba, abin da ya faru da kai nake son ji.

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam. Ni na gwada a ankon bikin ƙanwata. Na ce mu fitar da Nichem, atamfar gida, tunda tana da kauri kuma ba ta zuba, wallahi sai da dangi suka kusa cinye ni, wai ina so in kashe mutane da tsada, ga wadda ake samu kusan rabin kuɗin kuma zanenta ya fi ɗaukar ido a hoto. Aka rinjaye ni aka ɗauko 'yar Chana. Ranar kamu kam mun yi kyau ba ƙarya, amma wanki biyu ta koɗe, tawa yanzu da ita nake shiga kicin. Sai dai fa in gaskiya za a faɗa su ma suna da hujja, anko na yini ɗaya ne, wa zai zuba kuɗi a kan abin da ba zai ƙara sawa ba, akwai mai 'ya'ya mata huɗu kuma kowacce sai an yi mata.

Tsohon Ma'aikacin Masaka, Kakuri:
'Yata Maman Biyu kin yi ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Ni jikana ne ke rubuta min wannan ina faɗa masa. Ku yaran yanzu ba ku ga Kakuri, unguwar masaƙu a Kaduna, ba lokacin tana Kakuri. Masaƙar Kaduna Textiles, wato KTL, tun 1957 zamanin Sardauna aka buɗe ta, ga Arewa Textiles, ga UNTL, ga Nortex, ga Finetex, duk a waje ɗaya. In jiniya ta busa aka tashi canjin aiki, titi ba ya tsallakuwa saboda kekuna, masu tuwo da masu ƙosai da masu shayi a bakin get kowa yana ci, mai gidan haya yana ci, manomin auduga a Funtua da Gusau da Malumfashi yana ci. Aiki kashi uku muke yi dare da rana inji ba ya hutawa. Ni a ɓangaren saƙa nake, har yau kunnena na hagu bai dawo daidai ba saboda ƙarar injinan nan, kuma in ka fito gashin ka da gira duk fari fat da ƙurar auduga.

Abin da ya kashe mu ba wai mutane sun ƙi kayanmu ba ne haka kawai. Na farko wuta. Na biyu baƙin mai, wanda tukunyar tururi ke sha, daga matatar Kaduna muke samu, da matata ta fara tangal-tangal sai ya zama sai an nemo da tsada. Sannan a 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi, kaya suka kwararo, ko da aka dawo aka sake hanawa 'yan fasa-ƙwauri sun riga sun san hanya, a sauke a Kwatano a zagayo ta Nijar a shigo ta Jibiya ko Maigatari. Abin da ya fi ƙona mana rai shi ne satar zane, mu fitar da sabon zane yau, kafin ya gama zaga kasuwa an kai samfur Chana an bugo irinsa sak, har da sunan kamfani da Made in Nigeria a bakin zanen, a sayar ƙasa da kuɗin da muka kashe wajen yin namu. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007, an sake buɗe ta a 2010 amma ba ta koma kamar da ba. Masakar da ni na yi wa aiki ba zan kama suna ba, haƙƙinmu na sallama da yawanmu sun mutu suna jira. Abokina da muke inji ɗaya acaɓa ya koma yana da furfura.

Shi ya sa in na ji ana cewa araha sai in ce arahar nan an biya kuɗinta, mu muka biya.

Yaron Shago a Kwari:
Allah ya saka da alheri Baba, Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu. Maganar satar zanen nan har gobe ana yi, ni kaina akwai turmin da in ba na murza shi na shinshina ba ba na iya rantsuwa na ina ne.

Tela daga Fagge:
Ni a ƙarƙashin allura nake gane su. Ta gida auduga ce zalla, in ka sa almakashi za ka ji tana amsawa, ga shan guga, kalmasa na kwanciya. Mai arahar nan ta waje roba-roba ce, sitati aka ɗura mata ta yi ƙyalli, in dutsen guga ya yi zafi kaɗan sai ta tattare, kuma a zafin Kano na watan Afrilu mace ta sa ta ta shiga adaidaita sai ta Allah. Amma fa kar mu yi wa 'yan Chana ƙarya, suna da mai kyau, kuɗinka ne ke zaɓa maka. 'Yan kasuwarmu ne ke zuwa Guangzhou su ce a yi musu mai daraja ta uku don su samu riba, shi ɗan Chana abin da ka ce shi zai buga maka. Ni kwastomata in ta tambaye ni shawara ina faɗa mata, in ta ce aljihu sai in ja bakina in yi ɗinki.

Baduku, Ƙofar Wambai:
Ku bari in ba ku dariya mai ciwo. Takalmi sau-ciki nake yi da silifas na maza, fata ta gaske, ɗinkin hannu. In na kai wa dila sai ya ce Malam buga min Italy a ciki, in ba haka ba ba zai ɗauka ba. Na taɓa yin taurin kai na buga Kano a wani rukuni, suka zauna min har sai da na kankare na sake bugawa, takalmi ɗaya hannu ɗaya fata ɗaya, sai ga shi sun tashi har da ƙarin kuɗi. 'Yan Aba ma abin da suke fama da shi kenan. Wani alhaji ya taɓa nuna min nasa yana min gori wai ku dukawa ku koyi irin wannan aikin na Turawa, na juya shi na ga ɗinkin yarona ne, shiru na yi na ce Allah ya ƙara arziki Alhaji.

Sannan wanda ke cewa na gida ya kamata ya fi araha bai san yadda muke haɗa shi ba. Sol daga waje, gam daga waje, zare da ƙarfen ado daga waje, duk da dala. Fatar ma mai kyau da ake jima a Challawa da Sharaɗa yawanci waje take tafiya, Italiya da Sifen, mu sai saura, ta saniya kuma muna takara da masu cin ganda. Da dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 tsakanin 2023 da farkon 2024 ni ma kayana tashi suka yi, alhali ko jirgi ban taɓa hawa ba.

Gaskiya Ɗaci:
Ni ku yi haƙuri ba na cikin wannan kishin. Albashi mafi ƙaranci naira 70,000, shi ma ba kowa ke samu ba, sannan a ce in sayi mai tsada don masana'anta ta rayu? Wanda ya kafa dokar da me yake yawo, motarsa ta ina ce, shaddarsa ta ina ce, asibitinsa ina ne? Da can Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna gwamna ma ita yake hawa, shi ya sa talaka ya yarda. Ran da na ga ministoci a motar Innoson da ake haɗawa a gida sai a zo a yi min magana. Ni gwanjo nake saya wa yarana kuma ba na jin kunya.

Maman Biyu:
Yaya Gaskiya Ɗaci ba wanda ya ce ka ji kunya ai, kowa ruwan da ya isa kurme da shi yake kurme.

Uwargida daga Birnin Kebbi:
Ni ta shinkafa zan yi magana don nan ne na ga canji da idona. Da can 'yar gwamnati muke ci, ta Tailan, 'yar Hausa sai in babu, saboda tsakuwa, sai ka rege ka rege kuma duk da haka maigida ya tauna ɗaya ya ajiye cokali ya kalle ka. Da Buhari ya zo nan Kebbi ya ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Anchor Borrowers a Nuwamban 2015, sai kuma aka rufe boda a Agustan 2019, dole ta sa muka koma ta gida muna gunaguni. Toh amma da manyan injina suka yawaita, irin su Labana a nan da WACOT a Argungu da Umza a Kano, sai ga shinkafa tas babu tsakuwa, wallahi yanzu yarana in aka dafa ta waje cewa suke ba ta da ɗanɗano. Kuma ta fi auki in ka iya ruwanta. Matsalar ita ce kuɗin bai sauka ba ko kaɗan, har buhu ya doshi naira 100,000 a 2024, ta gida fa, da ake nomawa a fadamar bayan gidanmu. Nan ne raina ya ɓaci, na ce ashe ba boda ce kaɗai matsalar ba.

Manomi daga Kura:
Hajiya ki tambaye mu mu da muke cikin taɓo. Taki ya ninka, fetur na injin ban-ruwa tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 ba a magana, leburan dashe da masu yanka su ma ci suke. Muka yi noma da tsada, sai gwamnati ta ba da damar shigo da abinci ba haraji a 2024, farashin shanshera ya rikito, ku masu saye kuka ji sanyi mu kuma ko kuɗin taki da ƙyar. Maƙwabcina bana ya bar shinkafa ya koma albasa. Tumatir ma haka, ga kamfanin Dangote a Kadawa tun 2016, shekarar da ya fara tsutsar nan sharon ta cinye gonaki, kuma har yau lokacin kaka za ka ga kwanduna jibge a bakin titin Zariya suna ruɓewa, mata kuma suna sayen na leda da aka shigo da markaɗensa a durom daga Chana. Mu abin da muke so a tsaya a kan magana ɗaya, yau a rufe gobe a buɗe shi ke karya mu.

Ɗan Zango, Kumasi:
Mu ma nan Gana ciwon ɗaya ne. Masaƙun GTP da Akosombo suna nan amma na Chana ta Togo yake shigowa ya cika kasuwar Kejetia. Abin da ya ɗan taimaka, tun 2004 zamanin Kufuor aka ce ranar Juma'a ma'aikata su sa kayan gida, kuma abin ya kama, banki da ofis kowa da atamfa ko fugu, rigar saƙi ta arewacin Gana. Sai dai in ka duba bakin zanen da yawa na wajen ne dai, telolinmu ne suka fi cin riba.

Mai Ƙaramin Kamfani, Sharaɗa:
Ina yin bokiti da kofuna na roba. Tun da aka sa mu a Band A, rukunin masu biyan kuɗin wuta mafi tsada, a Afrilun 2024, kuɗin wuta ya koma naira 225 a kan kowane yunit a lokacin, takardar wata ɗaya ta kusa kai abin da nake biyan ma'aikata gaba ɗaya, in kuma an ɗauke sai janareto da gas, kuma injin narka roba in ya huce a tsakiyar aiki abin da ke cikinsa ya lalace. Wanda nake takara da shi a Chana ba ya haƙa rijiyar burtsatse da kuɗinsa, ba ya biyan 'yan banga, bashin banki ba ya cin sa ruwa kusan 30 cikin 100. Ni ba na roƙon kowa ya sayi nawa don tausayi, ku ɗaga bokitina ku ɗaga nasu ku ji nauyi, in nasu ya fi ku ɗauka. Amma su ma masu yin na gida akwai 'yan algus a cikinmu, masu rage kauri su cuɗa tsohuwar roba, bokiti ya tsage a sati, su ne ke ja mana zagi.

Maman Biyu:
Toh ni yanzu tambayata ga mai Kwari, in na zo ina son ta gida ta ainihi ba mai hatimin ƙarya ba, ya zan gane? Don akwai sunan da za mu yi wata mai zuwa kuma wannan karon ni ce mai fitar da anko.

Yaron Shago a Kwari:
Anti ki juya bayan zanen, ta kirki launin ciki da na waje kusan ɗaya ne, ta bogi bayanta fari-fari yake. Ki ɗan jiƙa gefe da ruwa ki murza a farin hankici, ki kuma dunƙule ta a hannu ki saki ki ga yadda za ta yi. In mai shago ya hana ki taɓawa ki wuce gaba. Sai dai ki zo da wuri ki faɗi turmi nawa kike so, don zane ɗaya na gida ba kasafai ake samun mai yawa a ƙasa ba, sai an yi oda daga Legas.