Yadda zan gane shekarar kan sarkin da na gada

Assalamu alaikum. Na gaji kundin kan sarki daga mahaifina, Allah ya ji ƙansa, akasarinsu na Arewacin Nijeriya kafin haɗewar 1914, masu hoton Sarki Edward VII. A littafin farashi na Stanley Gibbons, kamfanin dillancin kan sarki na Ingila, fitowar 1902 da ta 1905 zanensu ɗaya ne, kuma darajarsu ta dogara ga alamar da ke ɓoye cikin takardar: kambi guda da harufan CA a ta 1902, ko kambi da yawa a jere a ta 1905. Sai dai an manne su da gam a shafukan. Na haska tocila ta baya, kaurin shafin ya hana ganin komai, wanda na jiƙa da ruwa kuwa launinsa ya zuba. Ta yaya zan gane alamar ba tare da na ɓamɓare su ba?