Muhawara a zauren 'yan Bogoro, Dass da Tafawa Ɓalewa: wai mazaɓarmu ta ƙauye ce?

Ɗan Gwari Mai Tumatir: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake. Kwando shida na tumatir na ɗora wa mota, ta kafe a taɓo kafin mu hau kwalta, muka kwana a daji, rabin kayan ya ruɓe. Ni abin da nake cewa, a mazaɓar nan tamu jam'iyya ba ta da wani amfani. Yakubu Dogara ya ci kujerarmu ta Majalisar Wakilai a PDP a 2007 da 2011, ya ci a APC a 2015, ya sake ci a PDP a 2019. Mutum muke zaɓa, shi ya sa babu jam'iyyar da take jin muna binta bashin hanya. Haka ake yi wa mazaɓar ƙauye. Kowa ya faɗi ra'ayinsa, kar ku karanta ku wuce.

Maman Ummi: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Amma ƙanina, wace ce mazaɓar ƙauyen?

Malam Na Dass: Abin da zan tambaya kenan. Dass da ke da sarki mai sanda da masarauta tata, ita ce ƙauye? Ka janye kalmar nan tukuna.

Ɗan Gwari Mai Tumatir: Malam, ba zagi na yi ba. Yawancinmu manoma ne.

Malam Na Dass: Noma daban, ƙauyanci daban.

Saurayin Bogoro: Ku bar shi. Ƙauyen ne ya ba Najeriya Kakakin Majalisar Wakilai. Ranar 9 ga Yuni, 2015 Dogara ya kayar da Femi Gbajabiamila da ƙuri'a 182, shi kuma yana da 174, alhali uwar jam'iyyar APC ba Dogara take so ba. Mutum na huɗu a ƙasar nan daga Bogoro ya fito. Hukumar raya Arewa maso Gabas da Buhari ya sa wa hannu a 2017 ma ƙudurinsa ne. Wane ɗan birnin Bauchi ne ya taɓa zama a kujerar?

Baba Direba: Yaro, kafin a haifi babanka ƙasar nan ta ba da Firayim Minista. Ka ciro naira biyar a aljihunka ka dubi fuskar da ke jiki. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, ya riƙe daga 1957 har aka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. Kai kana ta maganar mutum na huɗu.

Saurayin Bogoro: Baba, da girmanka, amma kabarinsa yana cikin garin Bauchi, can ya yi koyarwa, can gidansa yake. Sunan garin kawai ya ɗauka.

Baba Direba: Sunan kawai? To me ya sa bai ɗauki sunan Bogoro ba? Lokacin ma Bogoro tana ƙarƙashin Tafawa Ɓalewa, sai 1996 aka yanke muku ƙaramar hukuma.

Maman Ummi: Ni dai duk wanda ya ce mana ƙauyawa bai san mu ba. Ranar zaɓen 2019 tun asuba muka ja layi, mata da goyo, wata tsohuwa a gabana ta zo da kujerarta 'yar tsugune da buta. Ta dangwala wa wanda take so a takardar shugaban ƙasa, ta juya ta dangwala wa wata jam'iyyar daban a ta majalisa, babu wanda ya nuna mata. Buhari ya ci jihar Bauchi a ranar, Dogara kuma ya ci a PDP. Baƙauye zai iya wannan lissafin?

Ɗan Gwari Mai Tumatir: Yaya, ai kin dawo kan maganata. Mutum muke bi.

Malam Na Dass: Ba ta dawo ba. Ka janye "ƙauye".

Ɗan Bununu: In ana maganar nauyin ƙuri'a, ku tuna zaɓen gwamna na 2019. Da aka tsayar da sakamakon Tafawa Ɓalewa, jihar gaba ɗaya ta tsaya cik, aka ce zaɓe bai kammala ba. Sai da aka warware namu sannan Bala Mohammed ya tabbata ya kayar da M.A. Abubakar. Mu ne muke naɗa gwamna.

Saurayin Bogoro: "Mu" su wa? Ku da kuka karɓi hedikwatar ƙaramar hukumar Tafawa Ɓalewa?

Ɗan Bununu: Majalisar jiha ce ta mayar da ita Bununu a zamanin Isa Yuguda, ba mu muka ɗauko ta a ka ba.

Admin: Na goge saƙo uku. Maganar hedikwata da ta addini ba a yin su a zauren nan, kun san dalili. An sha wuya a ƙasar nan.

Baba Direba: Gaskiya ne. A bar ta.

Malam Na Dass: Ni har yanzu ban ga ya janye ba.

Ɗan Gwari Mai Tumatir: Malam, wallahi tun safe nake maganar hanya, babu wanda ya tambaye ni ma wace hanya ce. A 2023 Jafaru Gambo Leko na APC ya hau kujerar, ni dai taɓon da na sani yana nan. Wa zan kama, mutum ko jam'iyya?

Saurayin Bogoro: Hanyar karkara aikin jiha ne da ƙaramar hukuma. Kar ka ɗora wa ɗan majalisar tarayya.

Maman Ummi: Amma lokacin kamfe ai da bakinsu suke alkawarin hanyar, dukkansu.

Admin: To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita. Kowa ya yarda cewa mazaɓarmu ba ta ƙauye ba ce, kuma Malam Na Dass ya fi kowa hujja a yau, domin Dass ce mai masarauta, kuma mu 'yan Dass mun fi kowa haƙuri a tafiyar nan, shekara 16 kujera tana Bogoro ba mu ta da hankalin kowa ba. Maganar naira biyar ta Baba ma ta zauna. Batun ko mutum ake zaɓa ko jam'iyya, ban ga wanda ya kawo abin kamawa ba. Ɗan Gwari, Allah ya mayar maka da asararka, amma ka nemi afuwar zaure gobe da safe kafin in sake buɗe maka damar rubutu. Na rufe sai bayan sallar asuba.