Judon Faris: girman jiki ne ko dabara?

Ɗan Kokawa:
Salam jama'a, jiya na sake kallon karawar Teddy Riner da Kim Min-jong na Koriya ta Kudu, wadda aka yi ran 2 ga Agusta 2024 a Olamfik ɗin Faris, wallahi har yanzu tsigar jikina tashi take, shi ne na ce bari in jefo baiti ko akwai mai amsawa.

Toron giwa na Faransa ya shigo fage,
Kowa ya ja da baya, ba mai tarewa.
Landan zinare, Riyo ma zinare,
Tagullar Tokiyo ba ta hana shi dawowa.
Shekara talatin da biyar a kansa,
Ya ɗau Kim ya shimfiɗe, babu musawa.
Kambun duniya sha ɗaya na gida ajiye,
In da mai irinsa ya fito a yi aunawa.

Uwar Biyu:
Ƙanina ka yi ƙoƙari, amma kai dai girman jiki ke burge ka. Mutumin da ya haura mita 2 in ya ka da wani ai ba abin mamaki ba ne. Ni wadda ta tsaya min a rai Diyora Keldiyorova ce 'yar Uzbekistan, ajin kilo 52, da ta fitar da Uta Abe ta Japan tun zagaye na biyu alhali Uta ce mai riƙe da zinaren Tokiyo.

Ƙanina bar zancen giwa ka saurara,
Ɗan hakin da ka raina ke tsone idaniya.
Uta na gaba da maki, kowa ya sakankance,
Diyora ta zame, ta kai ta ta baya.
Alƙali ya ɗaga hannu ya ce ippon,
Kukan Uta ya cika ɗakin gaba ɗaya.
Ta rungume kocinta ta kasa tafiya,
Ni ma a falona na zubar da ƙwalla, gaskiya.
Diyora ta zarce har ta ɗauko zinare,
Na farko a judo ga ƙasarta, ka jiya?

Malam Na Ƙofa:
Madalla da ku duka. Don waɗanda ba su saba ba, ippon shi ne ka buga mutum da gadon bayansa da ƙarfi, ko ka danne shi daƙiƙa 20, ko ka shaƙe shi ya buga tabarma alamar ya sallama, nan take wasa ya ƙare. Kuma Jigoro Kano ɗan Japan da ya kafa wasan a 1882 ba ƙato ba ne, don haka Hajiya tana da hujja. Amma kun manta ranar 3 ga wata, gasar ƙungiya ta maza da mata a haɗe, wasan ƙarshe tsakanin Faransa da Japan, inda ƙuri'a ke zaɓar ajin nauyin da zai raba gardama in an yi kunnen doki.

Japan uku, Faransa na da ɗaya tak,
'Yan kallo sun yi tsit, bege ya ƙare.
Joan-Benjamin Gaba na Faransa ya fito gaban Hifumi Abe,
Wanda ya ci zinare biyu a jere.
Lokaci ya cika, aka shiga ƙari,
Yaro ya sunkuya ya ɗauke shi a zare.
Clarisse ta Faransa ta biyo ta mai da uku da uku,
Aka juya ƙuri'a, kowa ido a ware.

Ɗan Kokawa:
Yawwa Baba, ai ka kawo ni gida! Kan wa ƙuri'ar ta faɗa?

Ƙuri'a ta juya ta tsaya kan manya,
Riner da Saito, karo na biyu a rana.
Ya ka da shi ɗazu, ya sake ka da shi,
Huɗu da uku, Yaya, sai ki yarda mana.

Uwar Biyu:
Ban ƙi ba ƙanina, ya yi aikinsa kuma na jinjina masa. Amma da Joan-Benjamin Gaba ya faɗi ai da an tashi 4 da 1, giwarka na zaune a benci ba ƙuri'a ba komai. Sannan ita Clarisse Agbegnenou, wadda mahaifinta ɗan Togo ne, a 2022 fa ta haihu, tana shayarwa tana zuwa atisaye da jaririyarta, wanda bai taɓa goyo ba ba zai gane nauyin wannan ba.

Ta sauke goyo ta ɗaura baƙar ɗamara,
Barci rabi, atisaye ba fashi.
Tagulla ta kanta, zinare na ƙungiya,
Ita ta riƙe tsanin da Riner ya hau shi.
Malam kai ne babba, ka raba mu,
Wa ya fi cancantar kirari, ita ko shi?