Gardamar farin magi a zauren 'yan gidanmu

Kawu Bello: Assalamu alaikum. Ga abin da aka turo mani da asuba: "Farin magi guba ne. Sinadarin gulutamet da ke cikinsa yana ƙona ƙwaƙwalwa, shi ya sa yaran yanzu ba su riƙe karatu." Ni dai daga yau na hana shi shiga gidana.

Anti Asabe: Dama mana! Abin da aka ce har tabon farin kaya yana fiddawa, mi zai bar ma hanji?

Hadiza: Kawu ina kwana. A yi mani afuwa in sa baki, wanga shi muka karanta a Jami'ar Ɗanfodiyo. Gaskiya ne akwai gulutamet cikin ƙwaƙwalwa, shi ne ma babban ɗan aike tsakanin jijiyoyinta, koyo da hadda duk da shi ake yi. Amma ita ke haɗa nata. Wanda muka ci a miya, hanji ke cinye mafi yawansa don samun ƙarfi, ɗan abin da ya kai jini kuma akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa mai tare shi. Anti, lemun tsami ma yana fidda tsatsa, kuma muna matsa shi a kunu.

Kawu Bello: To su masu saƙon mafarki suka yi? Ruwa ba ya tsami banza.

Hadiza: Yana da tushe, Kawu. A 1969 wani mai bincike a Amurka, John Olney, ya yi wa jariran ɓeraye allurarsa da yawa, ƙwaƙwalwarsu ta taɓu. Allura ce fa, ga ɓera sabon haihuwa, ba tsunkule guda cikin tukunyar mutum goma ba. Haka in mutum ya samu shanyewar ɓarin jiki, jijiyoyin da jini ya yanke masu kan zubo gulutamet ya ƙara ɓarna. Shi ma na cikin kai ne, ba na leda ba.

Inna Kulu: Ni ban san wani Olne ba. Da daudawa muka tashi, miyar sure ta gidan Malam har maƙwabta ke aiko da kwano.

Hadiza: Inna, ai nan gizo ke saƙa. In an dafa kalwa an rufe ta kwana biyu uku har ta yi yauƙi, abin da ke fitowa ya ba miya wannan armashi, gulutamet ne. Yana cikin nunannen tumatir, da busasshen kifi, har da nonon uwa. Kikunae Ikeda ya ware shi daga wata ciyawar teku a Tokyo a 1908, ya kira ɗanɗanon umami, a 1909 aka fara sayar da Ajinomoto, wato farin magi. Yanzu ma daga rake da rogo da masara ake yin sa.

Inna Kulu: Kul, Dije! Kada ki haɗa daudawata da abin leda. Shi yana da ƙamshi? Yana ba miya jiki? Ku dai kun iya barbaɗe, ba ku iya girki ba.

Hadiza: Wannan kam kin fi ni gaskiya, Inna.

Yaya Nasiru: Ni fa duk ranar da na ci shinkafar biki sai kaina ya sara.

Hadiza: An sha gwada masu faɗin haka ba tare da sun san abin da aka ba su ba, ba a ga yana maimaituwa yadda suke zato ba. Kai kuma Yaya ga ranar Sakkwato a ƙarƙashin rumfa, ga hawan jininka. Abin da ya kamata ka ji tsoro sodiyam ne, sinadarin gishiri mai ƙara hawan jini: farin magi na da kusan kashi 12 cikin 100, gishiri kusan 39. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali guda. Mu kuwa sai a sa gishiri, a marmasa dunƙule shida, a bi da fari, a kawo yaji mai nasa.

Kawu Bello: Na ji. Amma hanina na nan, ba na magana biyu.

Matar Kawu: To Malam, dunƙulen da ka sawo mani jiya a Tsohuwar Kasuwa fa, leda biyu? Sa tabarau ka karanta bayanta.