Musayar waƙa: sabon ɗakin zanen zamani da ƙurar Damagaram

Ƙwar biyu ce, amsa-amo "wa". Batun shi ne, in an buɗe ɗakin baje zanen zamani (tablo) kusa da gida, yaya ake kallo, kuma me ke cin kayan a ƙasa irin tamu.

Malamar zane, Sabon Gari:

In ka shiga ɗakin ka rage sauri,
Taku uku baya, can ake tsayawa.

Ka dubi tsarin launi gaba ɗai,
Sannan ka matso kana dubawa.

Mita guda tsakaninka da tablo,
Layin ƙasa ba a tsallakewa.

Karanta ƴar takardar da ke gefe,
Suna, shekara, da kayan haɗawa.

Kar ka ce bai yi kama da kowa ba,
Na zamani ba hoto yake kwaikwayowa.

El Anatsui na Gana, murafun kwalba
Da wayar tagulla yake ɗinkawa.

Kashe filashi, hannu cikin aljihu,
Maiƙon yatsa a fenti ba ya goguwa.

Magini, Birni:

Malama, kin faɗi ta mai kallo,
Saura ta bangon da ake ratayawa.

Santimita 150 daga daɓe
Zuwa tsakiyar tablo ake aunawa.

Ƙusa biyu ake kafa masa,
Guda ɗaya ke sa shi karkacewa.

Bangon yamma da rana ke duka,
Kar a sa, fenti zai yi tsattsagewa.

A bar yatsa biyu bayan katako,
Iska ta samu hanyar wucewa.

Mu masu zanen gida a Birni
Mun san laka ba ta son gaggawa.

Bango mai kauri na tubali da yaɓe,
Zafin rana sai dare yake ratsowa.

Mai aikin kuran, Zango:

Baba magini, a gafarce ni,
Kaurin bango kaɗai ba ya isarwa.

Danshin iska 45 zuwa 55
Cikin 100 masana ke nemawa.

Da hunturu namu ba ya kai 20,
Da marka kuwa sama yake haurawa.

Katako ya kumbura, ya koma ya tsuke,
Yadin tablo ya saki, yana lanƙwashewa.

Fentin mai ba ya bin su a motsi,
Nan ne ɓawo ke fara ɗagowa.

Haske ma da awonsa, Baba,
Luks 50 takarda ke ɗaukewa.

Na fentin mai a kai shi 200,
Fitilar LED, ba mai zafafawa.

Taga a rufe ta da labule,
Launin da rana ta ci ba ya dawowa.

Ni dai a sa na'urar sanyi,
Watan Afrilu zafi 40 yake zarcewa.

Magini ya sake:

Ɗana, na'urar taka na ji ta,
Me za ka yi ranar da kuran ke yankewa?

Sanyi da safe, gumi da azahar,
Wannan hawa da sauka ke kashewa.

Gara ɗumi mai tsayawa wuri guda
Da sanyin da ke zuwa yana gujewa.

In babu sola da batir a bayanta,
A bar ta a kwali, ba na yabawa.

Baduku, Garin Malam:

Kun yi ta kuran, kun manta ƙura,
Ita ce ke shiga ba sallamawa.

Fentin roba da zafi yana laushi,
Ƙura ta hau shi tana mannewa.

Burushi mai taushi na gashin akuya,
Daga sama zuwa ƙasa ake kaɗewa.

Jiƙaƙƙen tsumma kar ya kusance shi,
Taɓo yake yi, yana shafewa.

In aikin fata aka baje muku,
Jimar bagaruwa, jan karan dafi na rinawa,

Kar a shafa mata man gyaɗa don ƙyalli,
Baƙi take yi, ƙwari na taruwa.

Gara kuwa ta ƙasa take ɓullowa,
Hanyarta ta laka a bango ake ganewa.

Ma'aji a ɗaga shi taƙi guda daga ƙasa,
Kowane mako a leƙa bayansa da dubawa.

Malamar zane ta ƙara:

Yaya baduku, ka tuna mini takarda,
Gilashi da ita ba sa haɗuwa.

Kwali marar asid ake sa wa tsakani,
In sun manne da damina sai yagewa.

Salatif a bayanta haramun ne,
Rawaya yake bari bayan bushewa.

Wata uku a bango, a sauke ta huta,
In kun koma ba ku gan ta ba, ba sata ba ce, juyawa.