Dukiyar jarumai a D&D: nawa ya kamata su riƙe a kowane mataki?

Sarkin Teburi: Salama, 'yan uwa masu jan ragamar wasa. Ina so mu tattara abin da kowa ya gani a teburinsa game da kuɗin da ake ba jarumai, musamman a wasan tebur na Dungeons & Dragons, wato D&D bugu na 5 na 2014. A bugu na 3.5 akwai jadawali: ɗan mataki na 5 ya kamata dukiyarsa ta kai zinari 9,000, na 10 kuma 49,000. Bugu na 5 bai zo da irinsa ba. Abin da littafin mai gudanarwa ya bayar shi ne, wanda aka fara da shi tsakanin mataki na 5 da na 10 ya zo da zinari 500, a jefa ɗan lido mai fuska 10 a ninka abin da ya fito sau 25 a ƙara masa. Wato daga 525 zuwa 750. Da me kuke auna naku?

Ma'aji: Malam, a daina farawa da "nawa zan ba su". A fara da abin da za su saya, sannan a lissafo baya. A wannan bugu kuɗi na da tasiri ne a wasu 'yan gaɓoɓi: maganin warkarwa zinari 50, daimon na zinari 300 da sihirin Revivify ke cinyewa duk lokacin da aka tashi wanda ya mutu, da cikakken sulken ƙarfe na 1,500. Revivify yana zuwa hannun mai warkarwa a mataki na 5, don haka kafin su kai nan dole daimon ɗin ya shiga jakarsu. In ba haka ba, sihirin yana rubuce a takarda amma ba ya aiki, kuma ranar da aka gane haka ita ce ranar da wani ya mutu, ga shi minti ɗaya kawai ake da shi don tayar da shi.

Sulken kuwa shi ne inda aka fi yin kuskure. Mayaƙin da ke sanye da sulken sarƙa da garkuwa kariyarsa 18 ce. Goblin, ƙaramin dodo mai ƙarin 4 a kan abin da ya jefa, sai ya jefa 14 ko sama a ɗan lido mai fuska 20 kafin ya same shi, sau 35 cikin 100 ke nan. Da cikakken sulke kariyar ta koma 20, sai 16, sau 25 cikin 100. A mataki na 2 wannan tazarar tana sa ƙananan abokan gaba su koma kan sauran 'yan tawaga marasa sulke. Ni ina barin sulken zinari 200 mai kariya 17 ban da garkuwa ya samu wajen mataki na 3 ko 4, babban kuma tsakanin 5 da 7.

'Yar Taswira: Yaya Ma'aji, akwai abin da lissafinka bai taɓo ba: rabo. Tawaga ta mutum huɗu in ana raba ganima daidai wa daida, sai an tara 6,000 kafin mayaƙi ya sayi sulken daga kasonsa. A lokacin kuma mai faɗa da hannu, wanda ba ya sa sulke, yana zaune da 1,500 ba abin saya. Shi kuwa mai sihiri kuɗinsa ba ya kwana: kwafe sihiri ɗaya cikin littafinsa zinari 50 ne da awa 2 ga kowane matakin sihirin, na mataki na 3 ya ci 150 da awa 6. Buƙatunsu ba ɗaya ba ne sam.

Abin da ke aiki shi ne a raba biyar, kaso na biyar ya shiga asusun tawaga. Daga ciki ake sayen daimon da magunguna, a kuma ranta wa mai sulke. A sa mutum ɗaya ya riƙe takardar asusun, a karanta ta a farkon kowane zama. In ba a yi haka ba, bayan zama uku kowa da adadin da yake tunawa.

Baban Ayari: Ni nauyi nake so ku duba. Tsabar kuɗi 50 laba ɗaya ce, ko zinari ko tagulla. Akwatin da ke cike da tagulla 10,000 darajarsa zinari 100 ne kacal, amma nauyinsa laba 200, alhali mai ƙarfi 10 iyakarsa laba 150. Ka ajiye musu wannan akwati a ƙasan kogo, matakala ta karye, fitila saura kaɗan ta mutu, ka ga yadda za su tsaya su yi shawara. Alfadari zinari 8 ne, raƙumi 50. Nan take dabbobin nan suka zama abin nema. Sai dai kar a yi ta maimaitawa, sau biyu ko uku ya isa.

Kuma a tuna makaman da aka kwaso daga abokan gaba rabin farashi ake sayar da su, in ma suna da kyau. Duwatsu masu daraja su ne ke tafiya a cikakken kuɗinsu.

Ma'aji: Haka ne, Baba. Babbar matsalar kuma tana bayan mataki na 8 ko 9, lokacin da kowa ya gama sayen abin da ke cikin littafin 'yan wasa. Rayuwa ta rufin asiri zinari 1 ce a rana, ta masu hali 4, ƙwararren ma'aikaci 2. Mai 5,000 a jaka ba zai ji waɗannan ba. Daga nan kuɗi ya zama lamba a gefen takarda, ka ce "kun sami zinari dubu uku" ba wanda ya ɗago kai.

Hanya biyu ce. Ko ka buɗe kasuwar kayan sihiri, ko ka ba su abin ginawa. Ta farkon tana da haɗari, domin farashin da littafin mai gudanarwa ya bayar faɗi gare shi: kayan da ba a cika samu ba daga 101 zuwa 500, masu wuya daga 501 zuwa 5,000. A cikin rukunin farko akwai tsintsiyar tashi sama, wadda ke rusa duk wani cikas na katanga ko kogi. In za ka sayar, kai ka zaɓi abu uku ko huɗu da ke kan shago, kar ka miƙa musu littafin.

'Yar Taswira: Ta biyun ta fi daɗewa. Zangon ciniki zinari 5,000 ne da kwana 60, jirgin ruwa mai filafilai 10,000, ƙaramin gidan sarauta mai ganuwa 50,000 da kwana 400. Amma a ambaci abin tun suna mataki na 4 ko 5, su ga filin, su ji farashin, su fara tari. Kuma a ba su kwanakin hutu a cikin labarin, don wanda ake kora daga yaƙi zuwa yaƙi ba shi da kwana 60 na gini.

Sarkin Teburi: Na gode, 'yan uwa. Wanda ke gudanar da Pathfinder bugu na 2, wani wasan tebur makamancin wannan, kada ya ɗauki wannan ya tsuke hannu: can lissafin dodanni ya ɗauka cewa makamai da sulke na samun ƙarin sihiri a kan kari, sai a bi jadawalin ganimar littafin mataki bayan mataki.